Nadine Ta Ce Gida

Babana ba ya saya mini abin karin kumallo sai in akwai abin da yake so a wurina. Saboda haka da ya tsaya da a-kori-kurarsa a bakin shagon tayar da nake aiki, ya leƙo ta taga ya ce, "Gwarzo, hau mu je mu karya," ban tambaye shi ko lafiya ba. Na goge hannu a wando na hau.

Sunansa Gordon Pelkey. Tankar man ɗumama gidaje yake tuƙawa. Sun rabu da Mama ina shekara tara, ƙanwata Nadine tana bakwai. Tun daga nan abin da ya haɗa mu da shi bai wuce kuɗin ciyarwa da kotu ta ɗora masa ba, wanda ake yanka daga albashinsa kafin ya taɓa shi. Da a hannunsa aka bari, da ko ƙamshin kuɗin ba mu ji ba. Nawa kason ya tsaya tuni. Da na gama sakandare na samu aiki na dindindin, ya kira ni yana ta murna, har da wai ya yi alfahari da ni. Daga baya na ji lauyansa ya fara kira kafin ni. Saura na Nadine, ita kuwa ta tafi kwaleji tun watan Agusta, can arewa da mu.

Muka zauna a gidan abincin da ke kusa da gada. Ya sa aka kawo mini fanke da ƙwai da kofi, bai ma tambaye ni abin da nake so ba. Ya bari na kai loma ta biyu.

"Ka tuna Lahadin da muka zo nan da Nadine?"

Na tuna. Ta zo hutun ƙarshen mako da buhun wanki, shi kuma ya bugo ya ce zai kai mu cin abinci. A teburin nan ma muka zauna. Ana cikin ci ta duba wayarta ta ce, "Mu tashi fa, ina so in isa gida kafin duhu, gobe ina da jarrabawa." Gida. Ba gidanmu na haya take nufi ba, inda Mama ke ninke mata kaya a lokacin. Ɗakin kwanan ɗalibai take nufi. Na ga Baba ya ajiye cokali ya dube ta. Na ɗauka abin ya taɓa shi ne. Ashe maganar yake ajiyewa.

"Ita da bakinta ta faɗa," in ji shi. "Kai ma ka ji."

"To?"

"To me? Ina biyan rabin kuɗin ɗakinta a makaranta, sannan ina biyan uwarka kuɗin gadon da ba kowa a kai. Gado biyu, yarinya ɗaya. Kai ka faɗa mini, wannan adalci ne?"

"Ni faci nake yi, Baba. Ban san adalci ba."

"Kar ka yi mini rashin kunya. Na shigar da takarda a rage. Lauya ya ce ka zo ka faɗi abin da ka ji, shi ke nan. Gaskiya kawai. Ni na taɓa koya maka ƙarya?"

Bai koya mini komai ba, har ƙaryar. Ban faɗa ba. Na ce, "Ka san in aka rage sai mun tashi daga gidan."

"Uwarka ta nemi ƙarin aiki mana."

Mama aiki biyu take yi. Ranakun mako tana kan na'urar karɓar kuɗi a kantin magani, Asabar da Lahadi tana wanke tsofaffi a gidan kula da su. Gidan da muke haya ɗaki biyu ne da falo, a saman gidan wani tsoho, Mista Sabatino. Ɗaya na Mama, ɗaya na Nadine. Ni a doguwar kujerar falo nake kwana tun da muka girmi kwana ɗaki guda. Haya za ta tashi a watan Janairu, kuma kuɗin Nadine ne ke cike gurbin. In ya ragu, sai gida mai ɗaki ɗaya da Mama ta taɓa dubawa a bayan layin dogo. A can babu inda za a sa gadon Nadine. Duk wannan ya sani.

Ya nuna motarsa ta taga da cokali.

"Waccan, da bazara zan sake ta. Na ce wa zan ba in ba ɗana ba?"

Na dubi motar. Tsatsa ta cinye ƙasan ƙofa, tayoyin baya sun shafe sumul kamar tafin hannu. Da wannan yake son ya saye ni. Ko farashina bai iya ba.

Da aka kawo takardar kuɗi ya tsaya yana lissafi da yatsa. Ya bar wa matar da ta kawo abincin 'yan sulalla, ya ce mata, "Ki sha ruwa, ƙanwata." Ta bi bayansa da kallo irin wanda na daɗe ina yi masa.

Sammacin ya zo wa Mama, nawa ma ya zo. Na same ta a ɗakin Nadine tana goge ƙura. Kowace Juma'a da yamma sai ta yi, ta sauya rigar filo, ta buɗe taga, ta rufe. Ɗakin da ba mai numfashi a ciki.

"Me yake so ka faɗa?" ta tambaye ni.

"Shirme."

"To ka je ka faɗi gaskiya. Me gare mu na ɓoyewa? Yarinya tana karatu, nan ne gidanta, kowa ya sani."

Na ce to. Na sauka ƙasa na shiga motarta na kira Nadine. Ana ta hayaniya a bayanta, wasu na dariya.

"Darrel, yi sauri, muna layin abinci."

Na faɗa mata.

"Ni na ce haka? Yaushe?"

"Lahadin nan. Kina cin fanke."

"Haba don Allah. Kowa a nan haka yake faɗa. An tashi daga aji, a ce za a koma gida. Ba wani abu ba ne."

"Kowa ba shi da uba irin naki."

"Naka ne kai ma, banza. To ka ce ban faɗa ba mana."

"A gaban alƙali, bayan na ɗaga hannu na rantse."

"Kai da kullum kake ce wa tsofaffi tayarsu ta mutu alhali da sauranta?"

"Wannan sana'a ce."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce ta zo kotun ta faɗi abin da take nufi da bakinta. Ta ce ba hali, ranar tana da gwajin ɗakin kimiyya, in ta rasa shi ta rasa kwas ɗin. Ta ce abin yana da "sarƙaƙiya". Wata uku kacal a kwaleji, har ta samo kalmomin da za ta riƙa ɓuya a bayansu.

"Kar ka faɗa wa Mama," ta ce. "Za ta ɗauka da zafi."

"Ba ni zan faɗa mata ba. Lauya ne."

Amma ta riga ta juya tana ce wa wata ta riƙe mata faranti.

Kotun iyali tana saman ofishin lasin mota. Kujerun roba, bango ruwan ƙasa, hita na ta ƙara ba ɗumi. Mutane zaune a jere, kowa da jakar takardu a cinya, kowa yana kauce wa idon wanda ya taɓa aura.

Baba ya zo sanye da rigar sanyi mai sunan kwalejin Nadine a ƙirji. A ƙasan sunan an rubuta da manyan baƙaƙe, BABAN ƊALIBA. Ita ta saya masa a kantin makaranta, da kuɗin da take samu a wanke-wanken ɗakin cin abinci. Ita ya ga ta dace ya sa ranar da ya zo rage mata abinci. Har guga ya yi mata.

Lauyansa wani siriri ne mai jan hanci, yana ta tsotsar alewar tari. Mama ba ta da lauya. Ta zo da rigar aikinta a ƙarƙashin kwat, don daga nan kanti za ta wuce.

Mai shari'ar tsohuwa ce, tabaronta na rataye da zare a wuya. Da gani ta ji irin labarinmu har ya daina yi mata ɗaci. Lauyan ya yi ta zuba. Ya ce yarinya ta bar gida, ta kafa mazauni a wani gari, abin da take yi a wurin uwarta ziyara ce kawai. Ya ce ba shi ya faɗa ba, ita ta faɗa. Sannan aka kira ni. Na ɗaga hannu na rantse.

"Mista Pelkey ƙarami," in ji shi, yana murmushi kamar mun taɓa cin abinci tare. "Ranar Lahadin nan, a gidan abinci, ƙanwarka ta ce tana so ta isa wani wuri kafin duhu. Me ta kira wurin?"

Zan iya cewa na manta. Ba wanda zai kama ni. Baba kaɗai ne zai san ƙarya na yi, shi kuwa ba shi da bakin faɗa. Na dubi Mama. Tana zaune a miƙe, ta gyaɗa mini kai, wai in faɗi gaskiya, me gare mu na ɓoyewa. Na ji haushinta. Na ji haushin Nadine da ke can tana gwajinta. Na ji haushin cewa su ukun nan duka sun ɗora mini kayansu sun koma gefe suna kallo.

"Gida," na ce.

"Ɗaga murya."

"Ta ce gida."

"Kuma gidan mahaifiyarku take nufi?"

"A'a. Makaranta."

Ban dubi Mama ba. Na ji dai ƙarar zip ɗin jakarta, ta buɗe, ta rufe.

"Ka ga ke nan," in ji lauyan, "inda mutum ya kira gida, nan ne gidansa. Ko ba haka ba?"

"Shi ma yana ce wa mashayar bakin kasuwa ofis," na ce, na nuna Baba da haɓa. "Tun muna yara. Ban taɓa jin an biya shi albashi a can ba."

Ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya yi tari ya juya baya. Wuyan Baba ya yi ja har kunne. Mai shari'a ko murmushi ba ta yi ba. Ta sa tabaronta ta dubi lauyan.

"Don wannan ka kawo yaron nan?"

"Ranki ya daɗe, kalmar tana nuna..."

"Kalmar ba ta dame ni ba. Ta kira wurin fada, ta kira shi kurkuku, ba ruwana. Ni abin da nake tambaya, wa ke biyan ɗakin makaranta, kuma ina take kwana in an rufe?"

Aka faɗa mata. Baba na biyan rabi, sauran rabin bashi ne a wuyan Nadine. In an rufe makaranta, wurin Mama take. Mai shari'a ta yi rubutu, ta danna ɗan kwakuleta. Ta ce watannin da yarinya take makaranta za a sauke masa wani abu, tunda yana biyan ɗakin can. Watannin hutu kuwa ya biya cif. Ta buga hatimi ta kira na gaba.

Shi ke nan. Ko ban zo ba haka za a yanke. Ko Nadine ba ta taɓa buɗe baki ba haka za a yanke. Ya jawo ni ne kawai don matar da ta bar shi ta ji kalmar a gaban mutane.

A baranda ya tare ni.

"Ofis? A gaban alƙali? Ni za ka tozarta?"

"Gaskiya ka ce in faɗa."

"To ka manta da mota. Ko maƙwabci gara in ba."

"Ka sauya masa tayoyin baya tukuna, kar ka kashe bawan Allah."

Ya ja rigarsa ya gyara ta a ƙirji, ya bi lauyansa suna maganar nawa ya rage. Abin da aka sauke masa bai kai abin da zai biya mai jan hancin ba a shekarar. Wannan ma na tabbata bai lissafa ba.

Ni na tuƙa. Sai da muka wuce gada Mama ta juyo.

"Da gaske ta faɗa?"

"Baki ne kawai, Mama. Ta ce duk ɗalibai haka suke faɗa."

"Au, kun ma yi maganar da ita."

Na kafa ido a kan titi.

"Ina can ina ninke mata wanki," ta ce. Ba da ni take ba.

Ba ta ce in kai ta wurin aiki ba. Ta ce in zaga ta bayan babban kanti, inda suke zubar da kwalaye. Ta fita cikin sanyin nan ba safar hannu, ta zaɓo masu ƙarfi, na ayaba da na sabulu, ta cusa a kujerar baya.

"Mama, ragin bai kai haka ba. In an matse za a iya."

"A matse don wa? Tana da gida."

Da muka isa, kafin ta hau sama ta ƙwanƙwasa wa Mista Sabatino ta ce masa ƙarshen Disamba za mu tashi. Sannan ta shiga ɗakin Nadine ta fara da litattafai. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi sauƙin kallo.

Ina da 'yan kuɗi. Tun da na fara aiki nake tarawa, don akwai wani ɗaki a saman shagon wanki da nake so in kama. Ƙarami ne, yana warin sabulu, amma yana da ƙofa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don a gidanmu duk abin da ka faɗa sai ya zama na kowa.

Washegari na samu Mista Sabatino yana kwashe dusar ƙanƙara a bakin ƙofa, yana nishi. Na karɓi shebur ɗin na ƙarasa masa. Ya tsaya yana kallona da zargi, don ban taɓa yi ba.

"Me ka fasa?" ya ce.

"Ba za mu tashi ba."

"Uwarka ta ce za ku tashi."

"Abin da ya ragu ni zan riƙa cikawa. Har da ƙarin Janairu."

"Kai? Da kuɗin faci?"

"Ka taɓa ganin garin da taya ta daina fashewa?"

Ya tofar da yawu a gefe. Ya ce to sai an sa sunana a takardar haya, in an makara ni zai kama, ba ruwansa da labarin kotu. Ya ce shi ma 'yarsa ta tafi kwaleji shekarun baya, yanzu kati take aiko masa da Kirsimeti, da sunansa a rubuce ba daidai ba. Ban tambaye shi ba. Na sa hannu a takardar a kan murfin injin wankinsa.

Mama ta dawo da yamma ta tarar na zazzage kwalayen na jera su a bakin matakala.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa."

"Darrel, ban roƙe ka ba. Kuɗinka ne. Ita ma ba ta roƙe ka ba."

"Ba don ita na yi ba. Ni nake biya, ni zan kwana a ciki."

"A ɗakin Nadine?"

"A ɗakin da nake biya."

Matar da jiya ta cusa kayan yarinyar nan a kwalin ayaba, yau ga ta tana kallona kamar na shiga coci da takalmin aiki. Na ɗauko bargona da filona daga falo na wuce ta gabanta. Na ture 'yan tsanan da ke kan gado zuwa ƙasa. Na jefa wandon aikina a kan kujerar karatu. Ina ji ta ɗauki waya a kicin. Rabonta da kiran Nadine tun kafin kotu.

Ba a jima ba tawa wayar ta yi ƙara.

"Ka fita mini daga ɗaki!"

"Wa ke magana?"

"Darrel, wallahi ba wasa nake ba. Mama ta ce ka zubar mini da kaya a ƙasa. Ka sa ƙazamin wandonka a kan kujerata."

"Har da takalmi. Yana ƙarƙashin gado."

"Ɗakina ne!"

"Sunana ne a takarda. Ki tambayi Sabatino."

"Kai mugu ne. Kai da Baba duk ɗaya."

Wannan ta shige ni, amma ban bari ta ji ba. Na ce, "In naki ne ki zo ki karɓa."

Yau babu hayaniya a bayanta.

"Na riga na ce wa ƙawata a gidansu zan yi hutun Godiya, bikin talo-talon nan na ƙarshen Nuwamba," ta ce. "Suna da gida a bakin tafki. Iyayenta sun sa da ni."

"To ki ci talo-talo lafiya. Ni ma zan sa a cire labulen nan mai fure."

"Kar ka taɓa mini labule!"

"Yana sa ni ciwon kai."

Na ji tana jan numfashi ta hanci, yadda take yi tun tana ƙarama in tana so ta jefe ni da wani abu.

"Mama tana fushi da ni?"

"Ki tambaye ta."

"Ta ƙi faɗa. Sai maganarka take yi."

"To."

"Laraba zan zo. Bas ɗin yamma. Ka zo ka ɗauke ni a tasha."

"Ina aiki."

"Ka zo da motar Mama, ina da wanki da yawa. Kuma in na tarar da safarka ko ɗaya a kan gadona, ta taga za ta fita, kai ma ka bi ta."

Ta kashe.

Da safe na je wurin mai shagonmu na ce ina son rabin yinin Laraba. Ya ce ko na haukace ne, satin da kowa ke sa tayar dusar ƙanƙara, motoci har bakin titi. Na ce ina so dai. Ya ce to zai yanke a albashina. Na ce ya yanke, ya shiga layin masu cin albashina.